Hoton da Facebook ya tono min

Yau da safe Facebook ya tono min wani hoto na shekara 15 da suka wuce. Na daɗe ina kallo, wallahi kamar ba ni ba. Sai na shiga lissafi. A 2004 Mark Zuckerberg ya buɗe shafin nan a Jami'ar Harvard, don ɗalibai kawai. Kafin shi akwai Friendster da MySpace, yau wa ke ambatonsu? Zuwa 2012 masu amfani da shi sun kai biliyan 1.

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutum uku cikin waɗanda suka yi sharhi a ƙasan hoton sun riga mu gidan gaskiya. Maganganunsu na nan daram, har da zolayar da ɗaya ya yi min kan hulata. Allah Ya jiƙansu.