Neman kabarin mai Gandun Dabbobi

Har na gama sakandare ina ɗauka wani Bahaushe ne ya ƙaga Gandun Dabbobi don ya yi wa shugabanninmu habaici. Kwafin yayana na karanta, bango ya cire, shafin farko ya bi shi. To, wa zai ga Nomau da Maitumbi da Akawal ya kawo Bature a ransa? Sai daga baya na ji cewa Bala Abdullahi Funtua ne ya fassara shi a 1975, ainihin littafin kuwa George Orwell ya fitar da shi a 1945, yana nufin Rasha ta zamanin Stalin.

Da aiki ya kai ni Landan, ranar Asabar na ce wa ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya raka ni Sutton Courtenay, ƙauyen da aka binne Orwell. Ya ce, "Kawu, duk wuraren kallon garin nan, maƙabarta za mu je?" Amma ya ɗauko lema.

Daga Paddington muka hau jirgin ƙasa zuwa Didcot, tafiyar minti arba'in da ɗan wani abu, sannan tasi ta ƙarasa da mu. Ƙauye ne shiru a gefen kogin Thames, ga yayyafi irin nasu wanda ba ya sauka sosai kuma ba ya ɗaukewa. Muka zaga bayan cocin All Saints muna bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Mun ga babban kabarin Asquith, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1908 zuwa 1916. Na Orwell kuwa, ko alama. Kusan rabin awa takalmana suna shan ruwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Wata tsohuwa da ke riƙe da ɗan kare ce ta cece mu. Ta yi dariya ta ce sunan da muke nema ba ya wurin, don Orwell sunan rubutu ne kawai, ba sunansa na ainihi ba. Ta kai mu gaban wani ɗan dutse mai gansakuka, da itacen fure ya tsiro a kan kabarin. Eric Arthur Blair, an haife shi 25 ga Yuni 1903, ya mutu 21 ga Janairu 1950. Shi ke nan. Ba a ce marubuci ba, ba a ambaci littafi ko ɗaya ba. Mun wuce shi har sau biyu. Tarin fuka ne ya kashe shi yana da shekara 46, kuma ƙauyen ba garinsu ba ne. Abokinsa David Astor ne ya samo masa wurin, shi ma yanzu yana kwance kusa da shi.

Ta tambayi wanne na fi so a rubuce-rubucensa. Na ba ta labarin daren da na kai inda aka zo aka ɗauki Akawal, dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin gandu, aka ce asibiti za a kai shi alhali mahauta ce. A ƙarƙashin fitilar ƙwai nake, na kife littafin, kwana biyu ban buɗe ba, don fuskar wani maƙwabcinmu nake gani, wanda ya mutu yana jiran kuɗin fanshonsa. Sai da ɗan ƙanwata ya ce mata Boxer nake nufi, wato sunan dokin a littafin Turanci. Ta sa na maimaita "Akawal" sau uku, ta rubuta a bayan wata takardar cefane.

Ita kuma nata gwanin ya ba ni mamaki. Ba littafinsa 1984 ba, wanda ta ce ya hana ta barci kuma ba za ta sake ba. Wata 'yar maƙala ce ta 1946 a kan yadda ake dafa shayi, mai ƙa'idoji goma sha ɗaya, ciki har da cewa kada a sa sukari. Nan fa na raba gari da mutumin. Da ya faɗi haka a teburin mai shayi a Kano, da bai gama kofinsa lafiya ba.

A tashar Didcot, muna jiran jirgi, yaron ya sayo mana shayi. Ya miƙo mini ƙunshin sukari ɗaya yana murmushi. Na ce ya koma ya ƙaro biyu.