Tsarin wasan fada da matsafa: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon jan ragamar wasa, ga matakin da shirin wasan makircin fadar sarki da matsafa ya kai. Ana gina shi ne a kan dokokin Dungeons & Dragons (wasan tebur na labari, inda kowa ke jan jarumi ɗaya, ɗan lido kuma ke yanke nasara), bugu na 5 wanda ya fito a 2014, don 'yan wasa huɗu masu jarumai a mataki na 5, zama uku, kowane zama awa uku.

Ƙashin labarin ya tsaya. Sarkin wata ƙasa ta almara yana kwance, cutar da ke cinsa ta sihiri ce, kuma saura kwana bakwai masu zaɓen sarki su zauna. Matsafa uku ne suka ƙulla abin, amma ba bakinsu ɗaya ba: babbansu na son ɗora yaro ƙarami a gadon sarauta don ya riƙa juya shi, na biyu dukiyar taska kawai yake hange, na uku tsoro ne ya riƙe shi cikinsu. Wannan na ukun shi ne ƙofar da 'yan wasa za su iya ɓallewa, saboda haka a ba shi suna, murya, da wani abu da yake tsoron rasawa. Mutanen fada an taƙaita su zuwa shida, ciki har da Waziri, Galadima da uwar sarki. In suka wuce haka, sunaye kan cakuɗe wa masu wasa kafin zama na biyu. Kowanne yana da kati ɗaya mai layi uku: abin da yake so, abin da yake ɓoyewa, wanda yake tsoro.

Kwana bakwan nan su ne ke tura wasan gaba. A rubuta abin da matsafan za su yi kowace rana idan ba wanda ya tare su: rana ta biyu mai ɗanɗana abincin sarki ya ɓace, ta huɗu a ɗora wa Galadima laifi, ta shida a saye ɗaya daga cikin masu zaɓe. Idan 'yan wasa suka tsaya gardama, jadawalin ya ci gaba da tafiya.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun alamu, don a nan irin wannan wasa yake mutuwa. A tsarin farko, wasiƙa guda ce ke tona asirin babban matsafin, kuma sai an kai 15 a jifa kafin a gano ta. Ku lissafa: jarumin da ake ƙara wa maki 3 a kan abin da ya jefa yana bukatar 12 ko sama a ɗan lido mai fuska 20, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari. Fiye da rabin lokaci labarin zai tsaya cak a bakin akwatin da wasiƙar take ciki. Gyaran shi ne kowane sirri ya samu hanya uku: wasiƙar, baiwar da ta ga baƙo da tsakar dare, da ƙurar jan turare a ƙasan ƙoƙon maganin sarki. Da jifa uku irin wancan, yiwuwar a rasa duka ta sauko zuwa kusan kashi 17. Har yanzu da yawa, shi ya sa ƙurar turaren ba ta bukatar jifa: duk wanda ya ce zai ɗaga ƙoƙon, ya gani.

Sai sihirin 'yan wasa. Zone of Truth na hana ƙarya har minti goma, Speak with Dead na ba da damar yi wa gawa tambaya biyar. Kada a haramta su, masu wasa sun sha wahala kafin su same su. A tsara makircin ta hannun 'yan aike, ta yadda Waziri zai faɗi gaskiya tsantsa amma gaskiyar da aka shirya masa ce, gawar da aka tambaya kuma ta san hannun da ya miƙa mata ƙoƙo, ba ta san wanda ya aiko shi ba.

Faɗan ƙarshe ne bai gama daidaita ba. Matsafin da za a kara da shi, irin wanda dokokin 2014 ke kira Mage, makin ransa (yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi) 40 ne kacal, jarumai huɗu na iya kayar da shi kafin ya ɗaga hannu sau biyu. Amma ƙwallon wutarsa na cin maki 28 a matsakaici, guguwar sanyinsa 36, wanda ya isa ya kwantar da jarumi mai rauni a bugu ɗaya. An sa masa dogarai shida masu makin rai 11 kowanne, an ajiye shi a baranda sama da zauren, ginshiƙai huɗu a ƙasa don fakewa. Abin da ya rage a gwada da ɗan lido a kan tebur shi ne ko dogarai shida sun yi yawa idan matsafi na biyu bai gudu ba.