Tayar da Gida a Kwamfuta Kafin a Sa Bulo: Abin da Na Gani a Wani Aiki a Katsina

Filin ƙafa hamsin ne a faɗi, ƙafa ɗari a tsawo, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka bazu a bayan Ƙofar Ƙaura, kuma gabansa yana kallon yamma. Baffana ne mai shi, ya kuwa ce ba zai sayi bulo ko guda ba sai ya ga gidan da idonsa. Na saba zana taswirar gini a shimfiɗe da manhajar AutoCAD, to amma irin wannan zanen layuka ne kawai a wurin yawancin masu gida, ba sa iya hango ɗaki daga cikinsa. Saboda haka na ɗauki manhajar SketchUp domin in tayar da siffar gidan, sannan na tanadi Blender, wadda kyauta ce, domin renda, wato fitar da hoton da ke kama da wanda aka ɗauka da kyamara. Abin da aikin ya nuna mini shi ne cewa waɗannan manhajoji suna zuwa da tsarin wata ƙasa a cikinsu, kuma rabin wahalar ita ce a juyo da su su fuskanci Katsina.

Awo ne ya fara tsayar da ni. Takardar safiyo da mita take, Baffa da magina da ƙafa da inci suke magana, ni kuma da milimita nake zane, alhali SketchUp tana iya buɗewa da inci idan mutum bai zaɓi tsarin da yake so ba tun farko. Na tsayar da komai a kan milimita, filin ya zama 15,240 a faɗi da 30,480 a tsawo, na kuma ajiye ƙafa don hira da Baffa kawai. Kaurin bango shi ne wurin da zane ya fi yaudarar mutum. Bulo mai inci tara milimita 225 ne, mai inci shida kuma 150, idan aka yi musu filasta ciki da waje sai kowanne ya ƙara kusan 25 ko 30. A fili mai faɗin mita goma sha biyar, bayan an cire katanga da tazarar da hukumar tsara birane ke so a bari, bango huɗu da aka zana sirara suna iya cinye abin da ya kusa mita guda ba tare da an lura ba. Tun da na ba kowane bango kaurinsa na gaskiya, ɗakuna uku da Baffa ya so a jera a faɗin filin suka nuna cewa ba za su shiga ba sai an ƙuntata su, muka koma biyu da lungu.

Fayil ɗin da safiyo ya ba ni shi ma ya zo da tasa matsalar. Da na shigar da shi sai layuka suka riƙa rawa idan na juya kallo, wani sashe na filin kuma yana yankewa da zarar na matso kusa. Dalilin shi ne masu safiyo suna ɗora fili a kan lambobinsa na taswirar duniya, lambar arewa ta Katsina kuwa ta haura mita miliyan ɗaya, manhajar kuma ba ta riƙe daidaiton lissafi idan abu ya yi irin wannan nisa da cibiyarta, wato inda layukan jagoranta uku, ja da kore da shuɗi, suka haɗu. Na kwashe iyakar filin gaba ɗaya na ɗora kusurwa guda a kan cibiyar, rawar ta tsaya nan take.

Akwai wata ɗabi'a ta SketchUp da duk wanda zai yi aiki da ita ya kamata ya sani tun ranar farko: duk abin da ya taɓa ɗan'uwansa yana manne masa kamar ɗanyen kwaɓi. Idan an zana daɓe da bango da rufi a sake, sai a zo matsar da bango guda a ga daɓen ya miƙe ya bi shi. Maganin shi ne a dunƙule kowane sashe shi kaɗai da zarar an gama shi, bango daban, daɓe daban, rufi daban, sannan abubuwan da ke maimaituwa irin su tagogi a yi su a matsayin abu guda mai kwafi, ta yadda gyaran ɗaya zai gyara sauran. Wannan ya yi mini rana, domin Baffa ya sauya girman tagogi fiye da yadda ya sauya komai.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin manhajar ta biya kuɗinta, shi ne batun rana. An ƙirƙiri SketchUp a garin Bolda da ke jihar Kolorado ta Amurka, ta fito a 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan kamfanin Trimble a 2012, kuma har yanzu zanen da ba a faɗa masa wurinsa ba yana ɗaukar ranar can. Bolda tana wajen digiri 40 arewa da ikweta, Katsina kuwa tana wajen digiri 13, saboda haka inuwar da mutum zai gani kafin ya gyara wurin ba ta da alaƙa da abin da zai faru a tsakar gidansa. Na sa wurin ya zama Katsina, na daidaita agogo da na Nijeriya, na kuma tabbatar da cewa koren layi, wanda manhajar ke ɗauka a matsayin arewa, ya dace da arewar takardar safiyo. Don in gwada gaskiyarta sai na kafa sanda a filin a watan Afrilu, inuwarta ta fi gajarta wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, daidai da abin da allon ya nuna, kuma daidai da lokacin zawali da kowane ladani ya sani.

Daga nan abubuwa suka fito fili. A ƙarshen Disamba rana tana tsayawa ta kudu da tsakar rana, da tsayin digiri 54 ko kusa da haka, ta yadda ɗan leɓen rufi mai milimita 600 yana saukar da inuwa kusan 800 a jikin bangon kudu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma rana tana bi ta arewa, amma tana sama ƙwarai, ba ta shiga taga sosai. Yamma ce abin tsoro. Baffa ya ga wani gida a waya mai faffaɗan gilashi a gaba, ya ce mini, "Ɗana, irin wannan nake so a falon baƙi." Ban yi masa musu ba, na dai sa kwanan wata a tsakiyar Afrilu, na ja agogo zuwa ƙarfe huɗu na yamma, na juya masa allon. Hasken ya ratsa gilashin ya kwanta a daɓe fiye da mita biyu da rabi, daidai inda kujeru za su zauna, a watan da zafin Katsina ke haura digiri 40. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, nan ne baƙinka za su zauna bayan la'asar." Ya yi shiru, sannan ya ce a mayar da babbar tagar arewa, a bar ƙanana can sama ta yamma, a kuma yi baranda mai zurfi a gaba. Leɓen rufi ba ya tare ranar yamma saboda a kwance take zuwa, sai baranda ko bishiya ko bangon da ba shi da taga.

Abin da manhajar ba ta nunawa ko kaɗan shi ne ruwa. Hadarin da ke zuwa da iska a nan daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa a tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni. Wannan daga bakin maginin na ɗauka, na tsawaita rufi ta gabas, na kuma karkatar da indararo zuwa inda ruwan zai bi ya fita titi.

Inna, matar Baffa, ba ta damu da launi ko gilashi ba. Tambayarta ita ce ko wanda ya tsaya a zaure zai hango tsakar gida. Akwai kayan aiki a SketchUp da ke dasa kyamara a inda aka so, a tsayin idon mutum, kimanin mita ɗaya da santimita 68. Na dasa ta a ƙofar zaure ta waje, sai ga ƙofar madafa a sarari ta cikin ƙofofi biyu da suka yi saiti da juna, abin da taswirar shimfiɗe ba ta taɓa nuna mini ba. Na gusar da ƙofar ciki zuwa kusurwa, na sa gajeren bango a bayanta, wato dai dabarar zaure da shigifa da kakanninmu suka yi aiki da ita. Ita ce kuma ta tuna mini da alƙibla. Daga Katsina alƙibla tana wajen digiri 70 daga arewa zuwa gabas, wato ta ɗan karkata arewa daga gabas sak, don haka na ja layin jagora a kan wannan kusurwar ya ratsa zanen, na juya mazaunin kowane banɗaki ya kalli kudu ko arewa.

Baffa ya so a ɗora zankwaye a saman zaure, ƙofar kuma a yi mata baka, domin gidan ya ɗauki kamannin ginin gargajiya irin na Ƙofar Soro. Manhajar ba ta san lanƙwasa ta gaskiya ba, da guntayen miƙaƙƙun layuka take kwaikwayonta, goma sha biyu ga baka, ashirin da huɗu ga da'ira. A allo bakan ya yi kyau, amma a renda sai ya fito da kusurwoyi. Dole ne a ƙara yawan guntayen tun kafin a ja bakan ya zama bango, domin bayan an ja shi ba ya karɓar gyaran. Zanko kuwa ban taɓa samunsa yadda hannun magini ke fitar da shi ba, kullum yana fitowa da kaifin da bai dace ba, har na haƙura na rubuta a gefe cewa siffarsa ta rage ga magini.

Da na tura gidan zuwa Blender, matsalolin da suka ɓoye suka bayyana. Wasu bangaye sun fito ba fenti, saboda kowane shafi a SketchUp yana da gaba da baya, gaban fari, bayan kuma toka-toka mai shuɗi, idan fenti ya hau baya sai injin renda ya ƙi ganinsa. Sai da na koma na kashe launuka duka, na bi bango bayan bango ina juya waɗanda suka kife. Tayil da kwano sun fito ruwan hoda, wanda a Blender alama ce ta cewa ba ta ga hoton da aka lulluɓe abin da shi ba, domin na kwafi fayil ɗin na bar jakar hotunansa a baya. Daɓen baranda yana walƙiya baƙi da fari saboda shafi biyu sun kwanta a kan tsayi ɗaya, injin ya rasa wanda zai nuna, na goge guda. Nauyi ma ya zo ta hanyar da ban zata ba, domin kujera guda da bishiya guda da na sauko da su daga rumbun manhajar na intanet sun fi gidan gaba ɗaya yawan layuka. Na cire su, na share ragowarsu daga fayil, na ɗauki hoton dogon yaro na gaske na yanke shi na tsayar a tsakar gida.

Hoton cikin ɗaki ya fi na waje wuya, musamman da yake mun ƙanƙanta tagogi, saboda ƙarancin haske yana barin ɗigo-ɗigo a jikin bango. Ƙara yawan lissafin haske yana rage su amma yana cin lokaci, don haka na haɗa matsakaicin lissafi da kayan share ɗigon da ke cikin Blender. Kwamfutata mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 8 ce, ba ta da katin hoto na musamman, kuma da rana tana ɗaukar zafi har ta rage gudu da kanta. Na koma yin gwaji da ƙaramin hoto, tunda ninka faɗi da tsawo yana ninka aikin sau huɗu, na bar babban mai 1920 da 1080 sai dare, a lokacin da akwai wuta kuma gari ya yi sanyi.

A ganina, hoton renda shi ne sashen da ya fi jan ido kuma ya fi saurin ruɗar mai gida. Manhajar tana ba da shuɗin sama garau da koriyar ciyawa da farin bango mai ƙyalli, alhali gidan zai tsaya ne a kan jar ƙasa, ya sha ƙurar hunturu wata da watanni. Na fitar wa Baffa hoto biyu, ɗaya da farin fenti a ƙarƙashin hazo da ƙasa irin tamu, ɗaya da launin ƙasa-ƙasa, ya zaɓi na biyun ba tare da na ce komai ba.

Siffar da na tayar ba ta lissafa ƙarfen linta ko zurfin harsashi, kuma hukuma ba ta karɓar hoto a madadin taswira. Na miƙa zanen ga masanin zanen gine-gine mai rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN, wato hukumomin da ke yi wa masu waɗannan sana'o'i rajista a Nijeriya, suka duba, injiniyan ya ƙara ginshiƙi a tsakiyar baranda, na koma na saka shi a cikin siffar don Baffa ya ga yadda zai tsaya. Maginin kuwa ya kalli hoton sau ɗaya ya ce, "Malam, ya yi kyau, amma ba ni mai lambobi." Na yanka gidan a kwance da kuma a tsaye a cikin manhajar, na buga masa taswira mai awon milimita, na rubuta ƙafa da inci da biro a gefen kowane ɗaki, da ita kuma aka ja igiyar harsashi.