Yatsan manomi da na'urar dangwale

A ƙauyenmu da ke gefen Auyo a Jihar Jigawa, duk wanda ya daɗe yana riƙe da fartanya ya san na'urar dangwale ba ta shiri da yatsansa. Abin da take nema shi ne siraran layukan nan na fatar yatsa, inda wani ya tsaya da inda wani ya rabu biyu, ta kwatanta su da waɗanda aka ɗauka ranar rajista. To hannun da ya yi kanta, ya sha ruwan fadamar shinkafa, hunturu kuma ya zo ya tsattsaga shi, ina zai samo layi? Iya da ta tashi da taɓarya a hannu, babban yatsanta sumul yake kamar bayan ƙwarya.

Kwanaki na raka ƙanin mahaifinmu wani wurin rajista. Yaron da ke kan kwamfuta ya ce, "Baba, ku ɗan goga yatsan a goshi." Dabara ce mai kyau, don busasshiyar fata ba ta kwanciya a kan gilashin sai da ɗan maiƙo. Ya goga, ya ɗora, shiru. Aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai ɗan ƙaramin na hagu ne ya karɓu, wanda ya fi kowanne hutu a gona. Baba ya dube shi ya ce, "Ashe malalacin ne zai fitar da ni kunya."

Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, mutumin karkara ba shi da mafita sai dangwale. Matsalar ma ba ta talaka kaɗai ba ce: a zaɓen 2015 na'urar tantancewa ta ba shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, wahala a garinsu Otuoke.

Ni dai ina goyon bayan tsarin, don ya takura wa masu karɓar rabo da sunan mutum uku. Na ji daɗi da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta zo da duba fuska a zaɓen 2023, musamman saboda tsofaffi da matan da lalle ya rufe musu yatsa. Sai dai mai niƙabi dole ta ɗaga shi kafin a ɗauki hotonta, a gaban layin maza. A sa mace ɗaya da ɗan labule a kowane wurin tantancewa, matan ƙauyenmu za su fito.