Ranar da mai jita ya matso gaban makirufo

A ƙungiyar kiɗan rok, mai jita yakan shekara goma a gefen dandamali, kai a sunkuye, ba wanda ya tambayi muryarsa. Ranar da aka ce shi zai ja waƙa, abin da yake fara ganowa shi ne hannu da baki ba sa bin juna da kansu. Darasin da aikin nan ke koyar da duk wanda ya daɗe a cikinsa guda ne: da zarar ka buɗe baki, murya ce uwar gida, jita ta koma mai yi mata hidima. Wanda ya ƙi yarda da haka, kiɗan zai lalace, waƙar ma ta lalace.

Matsalar daga hannun dama take farawa. Kalmomin waƙa ba sa faɗowa daidai kan bugun kiɗa, wasu na riga shi, wasu na biyo bayansa, sai hannu ya riƙa jiran baki, bugu ya karkace, mai ganga ya rasa wanda zai bi. Maganinsa atisaye ne mai gajiyarwa amma mai ci. A sa metronom, wato na'urar ƙidaya bugun kiɗa, a bugu 60 cikin minti ɗaya. A kaɗa tsirkiya sau ɗaya kacal a farkon kowane bugu huɗu, ana faɗin baitocin da baki kamar hira, ba rerawa. A rubuta su a takarda, a ja layi ƙarƙashin gaɓar kalmar da ta dace da saukar hannu. Idan wannan ya zauna, sai a bar hannu ya riƙa sauka da tashi ba tsayawa, ko da bai taɓa tsirkiya ba, sannan a shigo da rerawa. A riƙa ƙara gudu da biyar-biyar. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, domin sun haddace kiɗa daban, waƙa daban, suna zaton ranar wasa za su haɗu.

Sai a rage kiɗan. B.B. King, shahararren mai jita ɗan Amurka, da wuya ka gan shi yana rerawa yana kaɗawa a lokaci guda: zai ja baiti, ya yi shiru, jitar ta amsa masa. Bombino da Mdou Moctar, masu jita 'yan Nijar, su ma idan ka saurara da kyau za ka ji inda suke sakin hannu sosai shi ne tsakanin baitoci. Kunnen da ya saba da waƙa da amshi ba baƙon wannan tsari ba ne.

Keith Richards na Rolling Stones shi ne misalin da ya fi amfani ga mai koyo, don muryarsa ba mai faɗi ba ce, kuma ya san haka. A waƙoƙinsa da dama yana cire tsirkiya ta shida, mai kaurin, ya saita biyar ɗin da suka rage a sautukan G, D, G, B, D. Da wannan saiti yatsa ɗaya da aka shimfiɗa a wuyan jita ya isa ya ba da cikakken sauti, ido ba ya buƙatar bin hannun hagu, hankali ya samu sararin kula da waƙa. A "Happy" ta 1972, wadda shi ya ja ta, kafo, wato ɗan matsi da ke danne tsirkiyoyi duka, yake ɗaurawa a gaɓa ta huɗu ta wuyan jita, sautin ya tashi daga G zuwa B ba tare da yatsu sun sauya komai ba. Kowace gaɓa rabin mataki ce a tsayin sauti. Don haka tsayin waƙa murya ce ke zaɓarsa. A nemo wuri mafi tsayi a waƙar, a rera shi sau uku a jere. In jijiyar wuya ta tashi ko haɓa ta ɗaga sama, a sauko da mataki ɗaya, a nemo yadda yatsu za su bi.

A wasannin Rolling Stones kuwa waƙa biyu Richards yakan ja a tsakiya, babban mawaƙinsu Mick Jagger ya je ya huta. Waƙa biyu daban, dare guda cur daban. Da ya fitar da faifansa na ƙashin kansa, Talk Is Cheap, a 1988, sai da ya kafa wata ƙungiya, ya ɗauko Steve Jordan a ganga, ya kuma ajiye Waddy Wachtel a jita ta biyu. Wannan jita ta biyun ita ce ke riƙe kiɗa lokacin da mai gida ke waƙa, kuma ita ce abin da masu fita su kaɗai suka fi mantawa da shi wajen lissafin kuɗi.

Abin da ya sami George Harrison, mai jitar ƙungiyar Beatles, ya isa gargaɗi. A Beatles waƙa ɗaya ko biyu yakan samu a yawancin faifai. A 1970 ya fitar da All Things Must Pass mai faifai uku, duniya ta yaba. Amma a ƙarshen 1974 ya haɗa kammala sabon faifai da atisayen rangadin Amurka da Kanada a lokaci guda, maƙogwaro ya kumbura tun kafin wasan farko, haka ya yi ta fita da dusasshiyar murya, 'yan jarida suka yi masa ca. Yatsu na jure awa shida na atisaye, maƙogwaro ba ya jurewa. A ɗumama murya minti goma zuwa sha biyar kafin a fara, a sha ruwa, a daina ƙoƙarin ɗaga murya sama da ƙarar ganga a ɗakin atisaye, kuma waƙoƙi masu tsayi kada a jera su wuri ɗaya.

Tsayuwa ma aiki ce. Mai jita ya saba kallon wuyan jitarsa, da ya sunkuya sai baki ya bar makirufo, kalma ta ɓace. A kafa makirufo ɗan hagu kaɗan ga mai kaɗawa da dama, yadda zai saci kallon yatsunsa da ido kawai, leɓe kuma ya tsaya kamar faɗin yatsa biyu daga kan makirufon. Irin su Shure SM58 daga gaba suke ɗaukar sauti, suna ƙin na baya, shi ya sa lasifikar da mawaƙi ke jin kansa da ita take zama a ƙasa, daidai bayan makirufo. Amfilifaya kuwa, wato akwatin da ke ƙara sautin jita, in aka ɗora ta a bayan mawaƙi daidai kunne, kai tsaye cikin makirufo take zubawa. Mai sauti na ƙara murya, jita na ƙaruwa tare da ita, daga nan sai ƙugin nan mai huda kunne. A kawar da ita gefe, a rage ta.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mai jita da ke waƙa. Tsirkiyoyi a haɗe suke da jikin amfilifaya, makirufo kuma da na'urar sauti. In ɗaya ba ta da wayar ƙasa mai kyau, mutum shi ne zai zama gadar wuta tsakaninsu. A Disamban 1965 wuta ta jefar da Richards a sume a Sacramento lokacin da jitarsa ta taɓa sandar makirufo. A 1972 Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandamali a Swansea ta irin wannan hanya. Kafin wasa, musamman inda ake aiki da janareta, a jona amfilifaya da na'urar sauti a layin wuta ɗaya, kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe gurnani, sannan a sa mitar auna wuta tsakanin tsirkiya da kan makirufo. In ta nuna wuta, kada kowa ya matso da leɓensa sai mai gyara ya gano inda take fitowa.