Harajin kwanan baƙo: abin da na koya a Argungu

Duk wanda ya taɓa aikin tara kuɗin shiga ya san cewa in aka zauna neman sabuwar kafa, ba a jimawa sai wani ya ambaci baƙi. Dalilin a fili yake. Baƙo ba ya jefa ƙuri'a a garin, ba shi da kansilan da zai kai wa kuka, gobe kuma ya kama hanya. Ina cikin 'yan ma'aikatan da aka ɗora wa rubuta shawara kan wani ɗan haraji da mai kwana a otal ko gidan saukar baƙi zai riƙa biya a yankinmu na Argungu, kuma tun farko na ƙudurta cewa ba da wannan hujjar zan kare aikin ba. Akwai hujjar da ta fi ta tsabta.

Bikin kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mutanen gari suna alfahari da wannan, amma su ne kuma ke ɗaukar nauyin taron. Su ruwa ke yankewa wa in jama'a ta cika gari. Su ake bar wa tarin leda da robar ruwa a bakin kogin Matan Fada bayan an watse, su ne ke zama da warin bayan katangun da aka mayar makewayi. Wanda ya zo ya more gari, ba zalunci ba ne a ce ya sa hannu a gyaransa. Faransa tana da irin wannan haraji tun 1910, kuma ta fara shi ne a garuruwan da mutane ke zuwa hutu da wankan magani. Na yarda da wannan tushe har yau. Wahalar tana wajen gina abu a kansa.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne tambayar da ba ta cikin takardar aikinmu: ina baƙin nan suke kwana? Masuntan da ke zuwa da homa da gora daga ƙauyuka, da waɗanda ke ƙetarowa daga Nijar, ba su san ƙofar otal ba. Wasu a bakin ruwa suke shimfiɗa tabarma, wasu a zauren ɗan'uwa ko aboki. 'Yan kallon da ke zuwa daga Augie da Arewa da Dandi sukan juya gida da maraice. Manyan baƙi kuwa, waɗanda ake hango aljihunsu in ana maganar wannan haraji, yawancinsu a Birnin Kebbi suke kama ɗaki, tafiyar kimanin awa ɗaya, wasu ma a Sakkwato, wadda take wata jiha daban. Akwai kuma masu sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da hantsi, su ga an ɗaga giwan ruwa a ma'auni, su koma Abuja kafin isha'i. Ke nan in aka ce kowane gari ya karɓi harajin wanda ya kwana a cikinsa, Argungu ce za ta kwashe shara, wani gari ya kwashe kuɗin. Wannan gibin ba a rufe shi da ƙara farashi. Abin da muka rubuta shi ne a karɓa a matakin jiha, a zuba a asusu guda, sannan doka ta fayyace kason garin da ya karɓi taron, ko da baƙon a wani wuri ya kwana. Ga masu wuni su tafi kuwa, hanyar da ta fi sauƙi ita ce kuɗin ajiye mota a kwanakin biki, da tikiti mai lamba. Birnin Benis na Italiya ya yi fama da wannan matsala ta masu wuni, har a 2024 ya fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa da rana a wasu ranakun da aka ware.

Sai kuma batun lokaci. Bikin kwana huɗu ne, gasar kamun kifin kanta kuwa kamar awa ɗaya ce. Ba kuma kowace shekara ake samun yinsa ba; daga na 2009 ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. To, a sauran kwanakin shekara wa ke cika ɗakunan? Na zauna da littattafan rajistar wasu gidajen baƙi, da izinin masu su, na bi layin da ake rubuta sana'a da dalilin zuwa. Dillalan shinkafa ne da ke bin shanshera zuwa injinan casa, da direbobin manyan motoci, da ma'aikatan da aka turo aikin kwana biyu, da 'yan ɗaurin aure. A Birnin Kebbi sai ka ƙara da masu jinyar 'yan'uwa a asibiti da ɗaliban da suka zo jarrabawa. Da wuya ka ci karo da wanda ya rubuta yawon buɗe ido. Don haka duk abin da aka tsara da sunan mai kyamara daga Turai, a kan mai jinya zai sauka wata goma sha ɗaya da 'yan kai. Wannan ya sauya mini yadda nake kallon kowace naira da muka rubuta.

Mun daɗe muna jayayya kan ko a yanka kuɗi tsayayye a kowane dare, ko a ɗauki kaso daga kuɗin ɗaki. Kowanne yana da inda ake yinsa. Mancesta ta Ingila fam 1 take karɓa a kan ɗaki kowane dare tun Afrilun 2023. Amsterdam kashi 12.5 cikin ɗari take ɗauka tun 2024, Edinbura kuma ta zaɓi kashi 5 cikin ɗari, a kan darare 5 na farko kaɗai. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Dubai sun san nasu tsarin da aka fara a 2014: dirhami 7 zuwa 20 a dare, gwargwadon darajar otal. Kaso ya fi kama da adalci, domin mai ɗakin naira 60,000 zai biya fiye da mai ɗakin naira 6,000, kuma yana tashi tare da tsadar kaya ba sai an koma majalisa ba. Amma kaso yana buƙatar littafi na gaskiya, a nan kuwa kuɗin ɗaki ciniki ne. Wanda aka sani a rage masa, wanda ya zo ranar biki a ninka masa, abin da ke allo daban, abin da ya shiga aljihu daban. Ma'aikacin da aka ce ya binciki wannan, an buɗe masa ƙofar sasantawa a bayan fage. Ni na tsaya a kan tsarin mataki uku na kuɗi tsayayye, wanda kowa zai iya lissafawa da ka: ɗakuna nawa aka kama, sau darare nawa. Muka ƙara da cewa a riƙa duba adadin duk shekara, don kada hauhawar farashi ta mayar da shi abin da bai kai kuɗin buga rasit ba.

Batun waɗanda za a yafe wa ya fi taɓa zuciya, shi ya sa ya fi haɗari. Kowa a teburin yana da wanda yake tausayi: mai jinya, ɗalibi, matafiyin da mota ta lalace masa. Amma yaron da ke kan kanta ba zai iya tantance takardar asibiti da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba, kuma ranar da aka ce mai jinya ba ya biya, rabin baƙi za su zama masu jinya a littafi. Mafitar da na gamsu da ita ita ce a yafe wa ɗakin, ba mutumin ba. Ɗakuna masu araha, inda talaka ke kwana, a cire su gaba ɗaya, sannan a ƙayyade dararen da ake biya, ta yadda wanda ya daɗe saboda lalura ba zai yi ta biya ba iyaka.

Ta fuskar doka, magana ɗaya ce na riƙe: ƙaramar hukuma ba ta da ikon ƙirƙiro haraji don kawai ta ga dama. Akwai dokar 1998 da ta jera abin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai karɓa. Legas ta kafa harajin kashi 5 cikin ɗari a kan otal da gidajen abinci da dokar majalisarta ta 2009, a 2013 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi ikon kula da harkar otal. Duk da haka an sha zuwa kotu kan ko ya dace a haɗa wa ɗaki ɗaya harajin jiha da na VAT, wato harajin tarayya kan sayen kaya da hidima, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Ga kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Wanda zai taɓa wannan aiki ya nemi lauyan da ya san fannin tun kafin ya rubuta adadi.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne kan kantar wani ƙaramin gidan baƙi. Littafi ne mai kaurin bango, gefensa ya yi baƙi da yatsu, an ɗaure biro da zare a jikin ƙusa. Makullai na rataye a allon katako, kowanne da lambarsa da aka rubuta da fenti, na'urar POS tana caji a kusa da butar shayi, janareta na ruri a bayan gida. Mai gidan, dattijo ne, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “Malam, na ji bayaninka. Wuta ni ka ba kaina, ruwa ni na haƙa, shara ni ka biyan yara su kwashe. In baƙo ya ce, Alhaji, wanga kuɗi na mine ne, mi zan nuna mai?” Na ce, “Alhaji, gaskiyarka. In ba mu ba ka abin nunawa ba, ba mu da bakin cewa ka karɓa.” Daga ranar na fahimci cewa mai masauki shi ne ainihin ma'aikacin wannan haraji. Shi zai fuskanci baƙo, shi zai sha ƙorafi, shi zai riƙe lissafi. Saboda haka muka rubuta a bar masa wani ɗan kaso ladan wahalarsa, ya riƙa turawa asusu ta banki sau ɗaya a wata, kuma kada wani ya zo masa da jaka yana neman tsabar kuɗi. Na dage ƙwarai a kan kada a ba ɗan kwangila karɓar, domin wanda ya sayi haraji da kuɗinsa, hanyar fanshewa kawai yake nema. Dattawanmu ba su manta da yadda aka karɓi haraji da jangali ba, kuma sun san dalilin da ya sa talakawa suka yi murna lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Mutumin da ke da wannan tarihi a ransa, yadda aka zo karɓa yake fara dubawa kafin nawa aka ce.

Wani matashi a cikinmu, mai ƙwazo kuwa, ya kawo shawarar a bi gidajen da ke sauke baƙi lokacin biki, tunda nan ne jama'a suka fi kwana. Na ƙi, kuma zan sake ƙi. An tashe mu a kan baƙonka annabinka. Magidancin da ya share zaure, matarsa ta tuƙa tuwon shinkafa don abokin mahaifinsa ya zo daga Yawuri, ba sana'a yake yi ba. Ranar da ma'aikaci ya tsaya a ƙofarsa da rasit, an ɓata abin da ya fi kuɗin daraja, an kuma mayar da dukan gari abokin gabar tsarin. Wanda ya mayar da gidansa haya ga baƙi don riba, shi a gayyace shi ya yi rajista, a saka masa da sanya sunansa cikin jerin masaukan da za a riƙa nuna wa masu zuwa.

Game da inda kuɗin za su, nan ne amana take. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In kuɗin suka faɗa babban asusu suka bi albashi da alawus, an gama da maganar. Mun nemi a ware musu asusu na kansu, a zaunar da wakilan masarauta da masu otal da mutanen Sarkin Ruwa a kan yadda za a kashe, a kuma riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a rediyo, a manna a ƙofar sakatariya. Ayyukan su zama waɗanda ido ke gani: makewayi da famfo a bakin ruwa, motar kwasar shara, fitilun sola a hanyar filin biki, da kula da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar ma'adanar kayan tarihin Kabi a 1958, wadda ita ce ke iya kawo baƙo a watan da ba biki. Tunda asusun na jiha ne, Yawuri mai bikin Rigata da Zuru mai bikin Uhola da Gwandu da ake zuwa ziyarar hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo duk suna da haƙƙi a ciki, gwargwadon nauyin da kowa ya ɗauka.

Sashen ƙarshe na takardarmu shi ne wanda ya fi jawo gardama, domin ya ce shekarar farko kada a karɓi ko sisi. A yi rajistar gidajen baƙi kyauta, a raba musu littafi iri ɗaya, a ƙirga ɗakuna da dararen da aka kwana a damina da rani da makon biki. Masu gaggawa suka ce asarar shekara ce. Na nuna musu cewa ba tare da wannan ƙidaya ba, ba wanda zai iya cewa abin da za a tara zai biya albashin masu tarawar, balle ya gina makewayi ɗaya. In lissafin ya nuna ba zai biya ba, shawararmu ita ce a ajiye harajin kwana, a tsaya a kan kuɗin ajiye mota da na rumfunan 'yan kasuwa a kwanakin biki, har ɗakunan kwana su ƙaru a garin.