Ranar da na kai 'yan aji uku tonon bola

Laraba, bayan isha'i.

Wanka biyu na yi, na turara jikina da turaren wuta, amma har yanzu warin jujin nan yana cikin hancina. Mayafin da na fita da shi yana can jiƙe a bokiti, sai gobe in Allah ya kai mu. Yau ce ranar da 'yan aji uku suka daɗe suna addu'ar kada ta zo, ranar awon shara.

Sati uku ke nan ina karantar da su sarrafa sharar birane. A takarda ba su da matsala. Sun haddace matakan nan tas: a rage, a sake amfani, a narka a sake ƙerawa, a ciri makamashi, abin da ya saura a binne. Sun san Bankin Duniya ya ce a 2016 duniya ta tara shara tan biliyan 2.01, kuma ana hasashen za ta kai biliyan 3.4 nan da 2050. Har sun san mutum ɗaya a Afirka kudu da Sahara yana zubar da kusan kilo 0.46 a rana. To amma makon jiya da na tambaye su me ya fi nauyi a sharar gidajensu, baki ɗaya suka ce leda. Ajin kimiyyar muhalli guda, yawancinsu haihuwar Kano, kuma 'yan matan ciki kullum da safe su ne da tsintsiya a hannu. A nan na ce musu kowa ya nemo tsohon takalmi.

Motar sashe ba mai, kamar yadda na zata. Muka yi karo-karo muka hau adaidaita sahu, da tampol ɗinmu da shebur da manjagara da rariya da sikeli mai ƙugiya. Safar hannu ba ta ishi kowa ba, sai na raba su gida biyu, masu tono da masu rubutu, a kan za a yi musaya. Ba a yi musayar ba, ba shakka. Masu rubutu suka riƙe biro kamar gadon ubansu.

Jujin a bayan wata tsohuwar unguwa yake. Tun shekaranjiya na je na gaida mai unguwa na nemi izini, don in ka sauke matasa da takunkumi a fuska suna ɗaukar hoto ba sallama, sai a ce gwamnati ce ta zo rusau. Shi ne ya gaya mini wurin a da kududdufi ne, sun yi kamun kifi a ciki suna yara. Haka kududdufan birni da yawa suka tafi: a cike su da shara, shara ta kwanta, a yanka fili a sayar. Ruwan da kududdufin yake shanyewa da damina kuma sai ya nemi ɗakunan mutane.

Aikin kansa ba wuya a faɗa. A ɗebo sabuwar shara daga wurare dabam-dabam, a juye a tampol, a cakuɗa sosai, a raba tsibin huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna ta kusurwa a watsar da sauran, a sake cakuɗawa a sake rabawa, har a tsaya a kan kimanin kilo 100. Daga nan sai tsince: ragowar abinci a nan, leda a can, roba, takarda, tsumma, ƙarfe, kwalba. Abin da ya rage a zuba a rariya.

Ledar ta yi tsiri, ta fi kowane tsibi girma, har wakilin aji ya dube ni yana murmushin "ai mun faɗa miki". Na ce ya rataya ta a sikeli. Da kyar allurar ta motsa. Sannan aka ɗauko abin da ya faɗo ƙarƙashin rariya, wato rairayi da toka da ƙurar tsakar gida da kashin awaki da ya niƙe, buhun da bai kai rabin na leda girma ba, amma sai da samari biyu suka kama shi. Shiru ya ɗan ratsa. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ashe ƙasa muke biya a kwashe mana." Da za a ba da maki a kan magana ɗaya, da ta cinye jarrabawar nan take.

Wannan buhun shi ne ya amsa tambayar da suke yi mini kullum, wai me ya hana mu ƙona shara mu samu wutar lantarki kamar Suwidin. Kafin injin ƙona shara ya ci da kansa ba tare da an ƙara masa mai ba, ana so kowane kilo ya ba da zafin da ya kai megajul 7 a matsakaici. Sharar Turai cike take da kwali da takarda da roba. Tamu kuwa rairayi ba ya ci, toka ta riga ta ci, ragowar tuwo da ɓawon kankana ruwa ne, balle in damina ta sauka. Kuma ƙonawar da ake nufi ba irin wadda muke yi a bakin kwata ba ce. A Turai doka ta ce hayaƙin ya kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu, sannan a tace shi, don kashe gubar dayoksin da ke fita in an ƙona wasu robobi a ƙaramar wuta. Mu kuwa wannan ƙaramar wutar ita muke shaƙa da magariba muna cewa an yi tsafta.

Tun da muka fara, akwai wani dattijo baban bola da ya jingina da kurarsa yana kallonmu. Da ya ga ɗalibai sun tara roba duka wuri ɗaya, haƙurinsa ya ƙare. Ya matso ya yi sallama ya ce, "Hajiya, yaran nan naki sun haɗa kuɗi da asara." Na ce, "To Baba, bismilla, a gyara mana."

Wallahi abin da na yi awa biyu ina zanawa a allo, na lambobi 1 zuwa 7 da ake bugawa cikin ɗan alwatika a gindin roba, shi ya yi shi cikin minti goma ba tare da ya duba gindin komai ba. Ya ɗauki roba ya matsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya jefa nan ko can. Gorar ruwa dabam, jarka dabam, fasasshen bokiti da kujera dabam, bututun famfo ya ture shi gefe. Ya kwance marfin gora ya ce shi ba ɗan gidansu ba ne. Gaskiyarsa kuwa: gorar lamba 1 ce, nutsewa take yi in an niƙa ta an zuba a ruwa, marfin kuma yana tasowa sama, kuma da haka masana'antu suke raba su. Ya zaro wani tsohon mayen ƙarfe na sifika daga aljihu, ya nuna musu gwangwanin madara yana mannewa, na lemo ba ya mannewa, don shi alminiyam ne, masu zubin tukwane ke saye. Gorar da ba ta fashe ba ma ba ta zuwa niƙa, masu zoɓo da kunun aya suna jira. Har tsinkakken silifa da ƙashi suna da mai saye.

Akwai yaron da a aji ya taɓa cewa mataki na farko na gyara gari shi ne a kori 'yan bola. Ina lura da shi, shi ya fi kowa yi wa Baba tambaya. Ban ce masa komai ba. Ni ma ba zan ce duk 'yan jari bola waliyyai ba ne, kowa ya san ƙorafin da ake yi na ɓacewar murafun kwalbati da wayoyin wuta, kuma wani lokaci da gaskiya a ciki. Amma a garin nan in ka ga roba ko ƙarfe ya koma masana'anta, kusan kullum ta hannun irin su Baba ya bi, kuma ba wanda yake biyansu albashi. Duk tsarin da ɗalibina zai zana a ofis gobe, in bai sa su a ciki ba, zai tarar sun riga motarsa zuwa.

Wajen sha ɗaya hankalina ya tashi. Wata ɗaliba ta yi ƙara ta ja baya, ashe baƙar leda ta farke, sai ga sirinji da allurai da auduga mai jini, da alama daga wani ƙaramin shagon magani. Allah ya tsare, allurar ba ta huda safarta ba, na duba da kaina sau biyu. Na tsayar da aiki, muka kwashe su da shebur muka zuba a jarka muka rufe. Irin wannan sharar akwatinta dabam ne tun daga inda aka yi allurar, ba ta da hurumin haɗuwa da ta gida, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ba sa tambayar wa ya taka. Na dubi hannun Baba, ba safa, duk tabo. Ya ce ya saba. Na ba shi tawa da na ajiye ta ko-ta-kwana, ya karɓa ya yi godiya ya sa a aljihu, na kuma san ba sawa zai yi ba.

Can ƙasan jujin wani baƙin ruwa yana tsatsafowa duk da bazara ce, ya bi wata 'yar hanya ya nufi lambatu. Na sa su tsaya a kansa. Wannan shi ne ruwan da mazubar shara ta gaske ake shimfiɗa mata yumɓu mai kauri da roba a ƙasa saboda shi, a sa bututu a tattara shi a tace, a riƙa rufe sharar kowace rana da ƙasa. A nan kuwa tsakaninsa da wata rijiya bai fi taku kaɗan ba. Sama da shi hayaƙi yana fita daga cikin tsibin ba tare da kowa ya kunna ba. Ruɓewar da ake yi a ciki inda iska ba ta shiga tana haifar da iskar gas, kusan rabinta mesen ce, mai kamawa da wuta. Na tuna musu da jujin Koshe na Adis Ababa da ya zabtare a Maris 2017 ya kashe mutum fiye da 100, da gobarar Olusosun ta Legas a Maris 2018, da Kiteezi na Kampala da ya rufta kan gidaje a Agusta 2024. A aji sunaye ne kawai na haddacewa. Yau da suka ɗaga kai suka ga katangar wani gida jingine da tsibin, ba wanda ya tambaye ni ko zai fito a jarrabawa.

Muna shirin tafiya sai ga wani manomi da amalanke ya zo ɗibar taki daga tsohon ɓangaren jujin da ya riga ya ruɓe. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don abin da nake so su gani ke nan tun farko. Kano ta daɗe da nata tsarin. Jakai su shigo birni da itace da kara, su koma ƙauye da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zuba a gona kafin ruwan fari. Da haka gonakin kewayen birni suka jure noma shekara da shekaru ba hutu, abin da ya sa masana irin su Michael Mortimore suka yi ta rubutu a kansu tun shekarun 1960. Wannan buhun rairayi da toka da ya ba mu mamaki a sikeli, a wurin manomin nan dukiya ne. Abin da ya ɓata lamarin shi ne abin da muka cusa a ciki daga baya. Ya ce yanzu sai ya sa yara sun yini suna tsince leda da fasasshiyar kwalba da batir, kuma duk da haka in iska ta kaɗa gonarsa kamar an yi shanya. Ya ce bara akuyarsa ta rame ta ƙi kiwo, da aka yanka sai dunƙulen leda a tumbinta. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu ko ƙosan naira ɗari sai an sa mana a leda biyu, ni ma ban cire kaina ba.

Da azahar muka koma makaranta. Niyyata mu sa samfurin a na'urar busarwa a kan digiri 105 don mu san yawan ruwan da ke ciki, amma ba wuta, janareto kuma labarinsa ɗaya da na mota. Muka auna shi ɗanye muka shanya a rana bayan ɗakin gwaji, muka danne da duwatsu, na ce su rubuta a rahotonsu cewa busarwar rana ce, kada wani ya yi mini ƙaryar na'ura. Ragowar abincin da muka tsince kuma muka kai ramin takinmu, muka haɗa da busasshen ganyen darbejiya, muka yayyafa ruwa. Na ce musu nan da kwana uku kowa ya zo ya cusa hannu, in haɗin ya yi daidai cikinsa zai kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Masu biro na ce su za su fara.

Na shigo gida gab da magariba na tarar almajirin da ke mana aike ya ɗauki bokitin shara zai fita. Shekara biyu yana wannan aikin, ban taɓa tambayarsa ba sai yau. Na ce, "Ɗan malam, wai ina kake kai ta?" Ya ce, "Kwatar bayan layi mana, Hajiya, in ruwa ya zo zai tafi da ita." Na tsaya riƙe da jakata, da takardun ɗalibai a ciki. Na ce ya ajiye tukuna. Na samo tsohon bokitin fenti na ce daga gobe toka da sharar tsakar gida da ɓawo a nan, leda da roba a wancan. Ya dube ni ya ce to in an raba ɗin, ina zai kai kowanne? Na ce ya je ya ci abinci, za mu yi magana da safe.